Kujerar Gaba da Doguwar Hanya

Zuwa ga Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, babbar 'yarmu tana samun ƙarfi, jaririn kuma ya fara barinku ku runtsa. Yaya ƙafar taki? Ki riƙa shafa maganin nan, na san halinki, sai ciwo ya tashi kike tunawa da shi. Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi, kuma na gano cewa tukunya ba ta wanke kanta.

Za ki ce me ya hana ni kiran waya. To, a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana, wannan kuwa ina so in kai ƙarshenta.

Auta ta aiko mini da mujallar jami'arsu. An buga gajeren labarin da ta rubuta, kuma Asabar ta sama za ta karanta shi gaban jama'a a babban ɗakin taro. Ta ce lallai in zo. Don murna, sai da na nuna wa maigadi bangon mujallar kafin in buɗe. Da na buɗe kuwa, murna ta koma ciki.

Maman Auta, yarinyar nan ni ta rubuta. Direba ne a labarin, yana tuƙa wani attajiri. Kullum da safe sai ya tura kujerar gaba har ƙarshe don mai motar ya miƙe ƙafa a baya, daidai yadda nake yi wa Ranka-ya-daɗe shekara ashirin da biyu. Wata rana aka tashi da ruwan sama, attajirin ya ga 'yar direban a bakin ƙofa ta ɗora jakar makaranta a ka, ya ce a ɗauke ta. Ta zauna a gaba, gwiwoyinta sun tokare da gaban mota, 'ya'yan gidan suna baya suna lilo da ƙafa. Kin tuna ranar? Lokacin muna zaune a ɗakunan bayan gidansa, shekararta tara, kuma kin san tun tana ƙarama zanƙaleliya ce.

Na karanta sau uku. Direban ya ce "to, ranka ya daɗe" sau goma sha bakwai, na ƙirga. Ba ya fushi, ba ya musu, kamar da "to" aka haife shi a baki. Ashe haka take ganina? Ni ina nan ina taƙama da sitiyari na kai 'yata jami'a, ita kuwa uba mai rusunawa take gani, har ta baje shi a takarda kowa ya kalla. Wallahi abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Ga wani abin haushin kuma. Ta sa direban ya buɗe murfin lagireto injin yana tafasa. Wane direba ne zai yi haka, in ba wanda ya gaji da fuskarsa ba?

Ba zan je ba. Na ce mata aiki ya yi yawa. Don Allah kada ki kira ta ki yi mata faɗa, ba ta san na ji komai ba.

Ki gaida mai jego da mijinta, ki shafa mini kan jariri.

Naki,
Baban Auta

*

Zuwa ga Maman Auta,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa na lafiya. Saƙonki ya iso, kuma na ji inda kika ce in rage zuciya, tsufa ya zo. Na gode, ke ma ai ba yarinya ba ce.

Jiya da yamma na kasa haƙuri, na ɗauki mujallar na kai wa maƙwabcinmu Hedimasta. Kin san tun da ya yi ritaya yake neman wanda zai koyar. Har rawar jiki yake, ya ɗauko jan biro da tabarau biyu, ya sa aka kawo mana shayi.

Ya ce ba a karanta labari da fushi, ana kwance shi ne kamar inji, a duba kowane ƙarfe. Wannan na gane. Ya ce abu na farko a nemi tauraro, wato wanda labarin ke tafiya a kansa, kuma direban ne. Na ce sannu tauraro mai "to" goma sha bakwai. Ya ce na biyu rikici, kuma ba dole sai an ɗaga murya ba, akwai wanda ake yi a cikin ciki fuska tana murmushi. Wannan ma na san shi. Na uku ya ce alama, wato ƙaramin abu da ke ɗauke da babbar magana. Ya zagaye kujerar gaba da jan biro har sau biyu, ya ce ga talaka nan yana takure kansa da 'ya'yansa don mai hali ya miƙe ƙafa, kuma jigon labarin ke nan gaba ɗaya, bambancin mai shi da marar shi. Na ji kamar in naɗe mujallata in tafi. Na zo neman sauƙi, ga shi an tabbatar mini da jan biro cewa ni takurarre ne.

Sai ya ce bari ya karanta wurin ruwan saman da ƙarfi, don akwai wata alamar a can. Ya karanta a hankali, yadda yake yi wa 'yan aji. Motar ta iso shataletale, direban ya ce wa attajirin ruwa ya cinye hanyar kasuwa, ya karkata ya bi doguwar hanya ta bayan gari. Yarinyar ta leƙa ta ga motoci suna bin hanyar kasuwa lafiya lau. Ta dubi ubanta, shi yana kallon gaba, ta ja bakinta ta yi shiru. Duk inda ya taka birki kuma sai ya miƙa hannu ya tare gwiwarta kada ta bugu. Hedimasta ya ce doguwar hanyar tana nufin ɗan talaka sai ya yi zagaye mai nisa kafin ya kai inda ɗan mai kuɗi ke kaiwa a miƙe.

Sau uku na wuce ta wurin nan ina ƙirgen "to", ban gan shi ba.

Maman Auta, ƙarya na yi ran nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ke. Hanyar kasuwa ba abin da ya same ta. Na ɗauki 'ya'yan mutane zuwa makaranta sau dubu, ranar ce kaɗai tawa take gefena, ta hanyar kasuwa kuwa minti goma mun isa. Na ga ba zan iya sauke ta da wuri haka ba. Ita ce ƙarya ɗaya tak da na yi wa Ranka-ya-daɗe a duk zamanmu. Ya makara wurin taro, ya wanke ni tas da faɗa, na ce "to, ranka ya daɗe" cikina fal da daɗi. Na duba, ita ce "to" ta goma sha bakwai a labarin.

Ashe yarinyar nan ta gani. Ta riƙe abin a ranta shekara goma sha uku ba ta tona ni ba, sai yanzu ta ajiye mini shi a inda ni kaɗai zan gane, ni kuma na bi ta kansa da gudu kamar sabon direba.

Na faɗa wa Hedimasta. Ya ajiye biron, ya daɗe yana goge tabarau. Daga baya ya ce tasa fassarar ma tana nan daram, labari mai kyau yana ɗaukar fasinja fiye da ɗaya. Ban musa masa ba, don gaskiya gwiwarta ta matsu ran nan, kuma ni na tura kujerar.

Na kai babbar rigata wurin mai guga. Ki gaida kowa.

Naki,
Baban Auta

*

Zuwa ga Maman Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya ɗawainiya? Na ji an ce jaririn da ni yake kama, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukar wannan hanci.

Na je. Da na nemi izini, Ranka-ya-daɗe ya ce in ɗauki mota mana, ya za a yi uban marubuciya ya tafi a ƙasa. Ya tsufa shi ma, ya yi laushi.

Ɗakin taron ya cika. Na samu kujera kusa da ƙofa na zauna, inda direba ya saba jira. Ban ankara ba sai ga Auta ta ratso mutane, ta kama hannuna ta ja ni har layin farko. Akwai kujera da takarda manne an rubuta "Baba". Ta ce tun safe take gadinta, ko da na ce ba zan zo ba.

Ta karanta, muryarta ba ta yi rawa ba sai a wurin shataletale. Da ta gama, wani ɗalibi mai yawan gashi ya tashi ya tambaya ko jigon labarin zalunci ne. Ta ce akwai wannan a ciki kuma ba za ta cire shi ba, amma ita ta rubuta shi ne don mutum ɗaya, wanda ya san tazarar da ke tsakanin hanyoyin nan biyu. Ban san lokacin da bakina ya ce minti ashirin da biyar ba. Ɗakin ya kwashe da dariya, ita kuwa ta rufe fuska da mujallar. Ni ma na yi ta neman hankici.

Da aka tashi na ce zan kai ta masaukin ɗalibai. Kafin ta shiga na sunkuya na ja ƙarfen ƙarƙashin kujerar gaba, ta ƙi motsi. Shekara tara da sayen wannan motar, kujerar ba ta taɓa komawa baya ba, layin ƙarfen da take gudu a kai ya yi tsatsa. Sai da muka haɗu mu biyu da Auta, ni cikin babbar riga, ita da takalmi mai tsini, muna turawa muna nishi, sannan ta tafi da ƙara. Auta ta shiga ta miƙe ƙafafun nan nata har ƙarshe. Daga ɗakin taro zuwa masaukinsu ko minti biyar babu. Na fita ta babbar ƙofa na zagaya bayan gari. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ce ruwa ya ci hanya ba.

Maganar lagireto kuwa na yi mata. Ta ce za ta gyara, kuma daga yau ni ne mai duba mata duk abin da ya shafi inji.

Yau da safe na mayar da kujerar gaba, don aiki aiki ne, kuma ƙafar Ranka-ya-daɗe tana ciwo kamar taki. Amma na goge tsatsar, na sa wa layin giris, yanzu da yatsa ɗaya take tafiya.

A hanyar dawowa ne na tuna shekara ashirin da biyu ke ma ba ki taɓa zama a kujerar gaba ba, kuma ba ki taɓa cewa komai ba. Na riga na nemi izini. Ki faɗa mini ranar da za ki taso, ni zan ɗauko ki a tasha. Kada ki ɗora tukunya a zuci, don ba za mu iso gida da wuri ba.

Ki gaida mai jego da mijinta da mai hancina.

Direbanki,
Baban Auta