Sandar Inna Tana Bayan Rumbu

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba da Inna da su Bilya, da fatan duk Wudil lafiya. Yaya gwiwar Inna?

Ni lafiya ƙalau nake a nan makaranta a Ilori. Ruwa ne kawai sai mun hau da shi bene, kuma har yanzu ban yi ƙawa ba, amma kada ki damu.

Umma, jiya malamarmu ta nuna mana guringuntsin da ke kan ƙashin gwiwa. Ta ce ba shi da jijiyar jini, kamar soso yake: in an taka ya matse, in an ɗaga ƙafa ya tsotsi abincinsa. Kaya mai nauyi kullum yana cinye shi, amma zama wuri ɗaya ma yana raunana shi. Na daure na ɗaga hannu, karo na farko, na tambaya ko tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya tafiya. Ta ce, "A hankali, da sanda, in likita ya duba ta."

Tun jiya nake tunanin wata huɗun da Inna ta yi a kan tabarma saboda mun hana ta fita. Ina jin nauyin faɗa wa Baba, don Allah ki lallaɓa shi a kai ta asibiti a tambaya.

Sandarta da take ta cigiya tana bayan rumbu. Ni na ɓoye ta. Ki ce ta yafe mini.

Allah ya ƙara muku lafiya.

'Yarki,
Lubna