Zuwa ga Zulaihatu, Ɗalibata da Ban Taɓa Gani Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki da rai da lafiya a duk inda kike. Sunana Malama Hajara, ni ce mai koyar da lissafi a ajinku, aji biyu na ƙaramar sakandaren 'yan mata a nan Daura. Ba ki san ni ba. Ni kuwa wata biyu na yi ina zaton na san ki.

A farkon zango aka kawo mini sababbin ɗalibai daga ƙauyenku, waɗanda aka gudo da su wurin dangi bayan 'yan bindiga sun shiga garin. Sunaye huɗu aka rubuta a rajista. Kullum da safe nakan kira suna kaina a sunkuye, aji maƙil da farin hijabi iri ɗaya. In na ce Zulaihatu, sai murya ta taso daga bencin baya: "Na'am, Malama." Sai in sa alama in wuce.

Littafinki bai taɓa makara ba. Rubutunki ƙanana ne, ya karkata hagu, kuma kina ja wa bakwai layi a tsakiya. Na sha rubuta miki "Madalla" da jan biro.

Wata Laraba da hantsi na ce ki fito gaban allo ki nuna wa sauran yadda kika warware aikin gida. Ba wadda ta tashi. Na sake kira. Sai na taka zuwa bencin baya. Yara uku na tarar sun matsu a gefe guda, sun bar wurin mutum ɗaya kusa da taga, an goge shi tas, littafinki a buɗe a kai.

Saude, 'yar baffanki, ɗaya daga cikinsu, ita ta faɗa mini. Ranar da kuka gudu, kin koma ɗauko kakarku da ba ta gani, kika ce da su: "Ku yi gaba, ku riƙe mini wuri." Tun ranar ba a sake jin labarinku ba. Su kuwa wurin suka riƙe. Suka matsa wa baffanki ya ba da sunanki, suna amsawa bi da bi, suna kwafe miki darasi kada a bar ki a baya.

Na tambaye su yaya rubutun mutum uku ya zama na hannu ɗaya. Saude ta ce ba koya suka yi ba, in dai littafinki ne haka hannun yake tafiya. Na ce to wace ce ta yi aikin jiya? Kowacce ta juya ta dubi 'yar'uwarta. Ban ƙara tambaya ba. Allah ne Masani.

Shugabar makaranta ta ce a soke duk sunan da ba mai shi, domin akwai yara masu jiran gurbi. Gaskiyarta. Na je na amsa kuskurena, na roƙe ta. Ta bar mini ke har ƙarshen zango, da sharaɗin kada a sake rubuta ƙarya a rajista. Saura mako uku.

'Yata, ban san fuskarki ba, amma na san kina son karatu, tunda a cikin gudun ceton rai wurin zama kika bari amana. Mun shiga darasin kusurwoyi, ba shi da wuya, zan zauna da ke a lokacin hutun tara har ki kamo su. Duk wanda ya karanta wannan ya kuma san inda kike, don Allah ya ce miki wurin yana nan.

Ya Allah, Kai ne Mai tsaron wanda ba mu gani. Ka tsare Zulaihatu da kakarta, Ka buɗe musu hanya, Ka dawo mana da zaman lafiya. Amin.

Gobe ma zan kira sunanki. Na hana su amsawa. Zan ɗaga kai in jira.

Malamarki,
Hajara