Waya Goma a Gurbin Shida

Litinin, 3 ga Maris

Yau na koya wa 'yan aji ɗaya lissafin fayif, bututun da ake binnewa a bango a zura wayoyin lantarki. A zagaye na zana musu a allo: kashi arba'in cikin ɗari na wayoyi, sittin na iska, don waya tana ɗaukar zafi, tana son wurin hucewa. Shekara goma sha tara ina faɗin wannan, har ɗalibai sun sa mini Malam Arba'in. Sun ɗauka ban sani ba. Na kuma faɗa musu abin da na saba: duk wanda ya shafa wa waya sabulu don ta shige, fayif ya riga ya ce masa a'a.

Yaya, babbar yayata, ta kira. Wai bangon shagon ɗinkinta yana ɗumi, kusa da teburin guga. Na ce zan zo.

Laraba, 5 ga Maris

Ban je ba.

Alhamis, 6 ga Maris

To, bari dai in rubuta, tunda ba mai karantawa. Ni na yi wayarin ɗin shagon, shekara biyu ke nan. Bayan an gama fenti ta ƙaro kekunan ɗinki uku masu lantarki da dutsen guga na biyu. Kamata ya yi in fasa bango in ƙara fayif. Na auna, na lissafa a bayan kwali, shida ya ba ni. Goma na cusa. Da suka cije a kwanar fayif ɗin, na ɗauko sabulun wankinta na goga musu, na ja har tafina ya sale.

Kullum ina ce wa kaina fentinta na tausaya wa. Ƙarya ce. Ba ta hana ni fasawa ba, ban ma tambaye ta ba. Ƙyuya ce, da kuma ganin cewa irina ba a kama shi.

Mata biyar ke zama a jikin bangon nan, ga yadin mutane jibge har sama.

Asabar, 8 ga Maris

Na je da hantsi, ashe an riga ni. Jiya sun ji ƙauri, Yaya ta kashe wuta ta kira wani. Ina shiga ta ce, "Auta, sai yanzu? Da gobara ce da ka tarar da toka." Furfura ta cika mini gemu, amma a bakinta har gobe Auta ne.

Wanda ke kan tsani ya juyo. Bahago ne. Ɗalibina na da, wanda na kayar sau biyu a kan wannan lissafin. Na taɓa tsayar da shi gaban aji na ce hannunsa na hagu ya fi kansa aiki, aka yi ta dariya. Ya sauko har ƙasa ya gaishe ni, hannu biyu.

Wayoyin sun ƙi jawuwa, dole ya fasa. Da ya tsaga fayif ɗin sai ga su a manne, robar ta narke ta haɗe kamar an dafa su. A kwana kuwa ga farin abu ya bushe. Ya kankara da farce, ya shinshina. Ya ƙirga wayoyin da yatsa, leɓensa na motsi. Bai dube ni ba. Da ma ya duba.

Yaya ta ce me ya faru. Ya ce, "Wayar ce ta gaji, Mama." Ya sa guntun fayif ɗin a aljihu.

Ina tsaye riƙe da tsani kamar an dasa ni.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban iya cin abinci ba. Maiɗakina ta ce ko zazzaɓi ne. Na ce e.

Da zagina ya yi, da na san yadda zan yi da shi. Wannan rufin asirin ne ya kashe ni.

Talata, 11 ga Maris

Na biya shago bayan aji. Bahago ya binne fayif biyu, biyar nan biyar can, hannu ɗaya yake jan su suna tahowa. Aiki tsaf. Na nemi abin kushewa, wallahi na nema, ban samu ba.

Sai ga Yaya ta yafa mayafi. Wai za ta wurin tsohon da ya sayar mana da wayar, ta tona shi gaban 'yan layinsu, ya sayar mata da jabu zai ƙone mata 'ya'yan mutane. Na san bakin Yaya. Kafin yamma ba mai sake taka ƙofar bawan Allahn nan, kuma kayansa lafiya lau suke.

Har ta kai bakin ƙofa. Na ce, "Yaya, dawo. Ba wayar ba ce. Ni ne."

Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa duka, har sabulun. Ta ce, "Ka sani, ko ba ka sani ba?" Na ce na sani. Ta ce, "Kuma ka kwana biyar ba ka zo ba." Ta cire mayafin ta ninke, ta koma kan kekenta. Ba ta ce Auta ba.

A waje na ce wa Bahago ya ba ni guntun. Ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce, "Malam, ai ni har yau in na ga sabulu muryarka nake ji." Ban san ko yabo ba ne. Ban tambaya ba.

Alhamis, 13 ga Maris

A aji na ajiye guntun a tebur, na ce wa ɗalibai su auna, su ƙirga, su lissafa. Suka samu shida, suka ƙirga goma. Aji ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, wane jaki ne ya yi wannan?"

Na yi niyyar cewa wani ne. Har na shirya labarin tun a hanya. Na ce, "Malam Arba'in ne."

Ɗaya ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi.

Wata ɗaliba a layin gaba ta samu takwas maimakon shida. Na ɗaga takardarta, na buɗe baki zan ce ta miƙe kowa ya gan ta. Sai kawai na jawo kujera na zauna kusa da ita, muka faro daga faɗin fayif. Sau uku muka yi kafin ta gane. Ina jin ƙafafuna ne suka gaji da tsayuwa.

Yaya ta aiko a ce fankar shago tana ƙara, in je in duba. Yau zan je.