Ƙorafi Kan 'Yan Tsakin Da Ake Kawo Mini Da Tsakar Rana

Daga: Mai shagon 'yan tsaki, Layin Masu Abincin Kaji, shagon ƙarshe kafin famfo.
Zuwa ga: Mai Girma Darakta, Sashen Tsara Zirga-zirgar Motocin Kaya.
Kwanan wata: 14 ga Afrilu.

Game da: Sabon jadawalin sauke kaya da kwamfuta ta tsara

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina taya ofishinka murnar lambar yabon rage cunkoso. Na gani a talabijin, har na tafa. Ga rabona daga wannan nasara:

1. Tun ranar 1 ga Maris aka mayar da motar da ke kawo mini sabbin ƙyanƙyasa daga sanyin safiya zuwa ƙarfe ɗaya na rana, wai kwamfuta ta gano lokacin titi fayau yake. Ba ta yi ƙarya ba. Ko kare ba ya fita cikin wannan rana.

2. Ranar 9 ga Maris direba ya buɗe bayan mota, muka ji tsit. Cikin kwali goma, masu rai ba su cika kwali biyu ba. Ni da ƙanwata muka durƙusa muna ɗiga musu ruwa da cokali, suna mutuwa a tafin hannunmu. Amma motar ta iso kan lokaci, wannan kam na shaida.

3. Da na kai kuka ofishinka, wani jami'i ya juyo mini kwamfutarsa, ya nuna layinmu kore shar, ya ce kore na nufin lafiya lau. Ya ƙara da cewa a tsarinsu kaya kaya ne, 'yan tsakina rukuninsu ɗaya da siminti. Na gode da ilimin. Da ban san siminti na haki ba.

4. Direban ya tausaya ya zo da safe sau ɗaya, aka ci shi tara. Yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Masu kiwo sun fara canja shago, ga maigidana kwance da shanyewar ɓarin jiki, shagon nan ne cinmu da maganinsa.

Don haka nake roƙon, cikin ladabi, a mayar mini da motar safe kafin 28 ga Afrilu, ranar da nake jiran wani zubin, a kuma ware wa kaya masu numfashi rukuninsu. In kuwa sai an kafa kwamitin bincike, akwai wurin zaman mutum ɗaya a bayan motar.

Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Mai shagon 'yan tsaki