Sunan da Umma Ba Ta Faɗa

Aziziyya, Makka
Farkon Ramadan, 1436

Zuwa ga Gwaggo Kande,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma azumi yana zuwa da sauƙi. Ki yi haƙuri da Hausata, kin san a nan aka haife ni, Larabci ke riga ta zuwa baki. Tunda kin ce waya ba ta shiga kunnenki, na rubuta a takarda, Yaya Nuru zai tura hoton ta wayar maƙwabciyarki Rumasa'u.

Albishirinki, Gwaggo! Na nemi kwalejin al'umma ta gwamnati, wadda muke cewa kulliyya. Karatun difloma ne na shekara biyu. Akwai akanta, akwai kwamfuta, akwai harkar otal da hidimar alhazai, akwai kuma adana bayanan marasa lafiya. Wannan na ƙarshen na zaɓa, domin bara da na yi tafinta a tantin asibiti a Arfa, na ga wata tsohuwa ta wuni a kwance ba wanda ya san ko wace ce.

'Yan ƙasa kyauta suke karatu. Mu mazauna kuwa, ko dai minha, wato gurbin kyauta, kuma guraben kaɗan ne, ko ajin yamma da ake biya kowane zango, kuɗin da tuƙin bas ɗin Yaya Nuru ba zai ɗauka ba. Gwaggo, an ba ni minha!

Sai dai ga matsala. A shahadata ta sakandare an rubuta Minnatullah Ɗan'azumi, a iƙamata kuma, wato katin izinin zama, Minnatullah Mahmudu Hashimu. Ma'aikaciyar rajista ta ce mutum biyu take gani. In ba a gyara ba kafin a rufe rajista bayan Sallah, gurbin zai koma ga mai bi na.

Na tambayi Umma. Ashe ranar da ta kai ni firamare takardunmu suna hannun kafil, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mana, aka tambaye ta sunan uban yarinya, ita kuma ba ta faɗar sunan Baba, sai ta ba da laƙabinsa. Wallahi raina ya ɓaci, har na ce mata, "Kunya kawai za ta hana ni karatu?" Da Baba yana raye da shi zai je ya gyara.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Minnatullah

*

Gwammaja, Kano
Yuni, 2015

Zuwa ga Minna,

Wa'alaikumus salam. Na ji albishir, na yi guɗa har Rumasa'u ta ɗauka haihuwa aka yi. Allah Ya sa albarka.

Amma kafin komai, tashi ki je ki durƙusa ki ba uwarki haƙuri. "Kunya kawai"? Lallai Makka ta haife ki. Ku can mace sai ta ƙwala wa mijinta kira da sunan yanka kamar mai kiran yaron shago. Mu nan ba haka muka tashi ba. Uwarki ba jahila ba ce, girmama ubanki ta yi a gaban baƙi.

Shi kansa Yaya, wato ubanki, wa ya taɓa kiransa Mahmudu? Cikin azumi aka haife shi, Innarmu ta ce Ɗan'azumi, shi ke nan ya bi shi. Ni da nake ƙanwarsa, a wurin ɗaurin aurensa ne aka ce min an ambaci sunan, sai kuma ranar da aka yi masa addu'ar uku.

Ban zauna ba. Da azumi a bakina na ɗauko Malam Garba, wanda ya ci tuwon sunan ubanki, muka je kotu muka yi rantsuwa cewa Ɗan'azumi da Mahmudu Hashimu mutum ɗaya ne. Takardar tana hannun Hajiya Ɗaso mai zuwa Umra, a Aziziyya za ta sauka. Ki ba ta ruwan Zamzam da dabino ta kawo min, ba na son godiyar baki.

Ki gaishe da matarmu da Nuru.

Gwaggonki,
Kande

*

Aziziyya, Makka
Goman ƙarshe na Ramadan

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Takarda ta iso, Allah Ya saka da Aljanna, ke da Malam Garba. Na ba Umma haƙuri kamar yadda kika ce, ta ce ba komai.

Mun kai takardar ofishin da ke gyara shahada. Sun karɓa, amma sun ce sai wadda ta yi min rajista tun farko ta zo ta faɗi cikakken sunan da bakinta a gaban shaidu, sannan ta sa hannu.

Umma ta je. Ma'aikaciyar mai kirki ce, har kujera ta ba ta. Ta tambaye ta sunan mijinta, Umma ta ce Abu Nuru. Ta sake tambaya, Umma ta ce marigayi. A karo na uku sai ta sunkuyar da kai. Matar ta ce, "Ya hala (wato Inna), ni ba zan iya faɗa a madadinki ba, ke za ki faɗa." Muka dawo gida.

Wannan karon ban yi fushi ba, tausayinta ne ya kama ni. Na ce mata halas, a bar shi, zan ci gaba da tafinta lokacin Hajji. Ƙarya nake yi, Gwaggo, ina son karatun nan kamar raina. Ita ma ta sani, tun ranar ba ta cin abin kirki in an sha ruwa.

Na gode da duk wahalar da kika sha.

Minnatullah

*

Gwammaja, Kano
Yuli, 2015

Zuwa ga matarmu Safiyatu,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da barka da shan ruwa. Minna ta karanta miki wannan, kada ta tsallake ko kalma ɗaya.

Wato ke har yanzu amarya ce? Ga furfura, ga ɗa mai gemu, amma ana tambayarki sunan miji kina noƙe kai!

Bari in gaya miki abin da ban taɓa faɗa ba. Shekarar da na zo Hajji, muna tsintar tsakuwa a Muzdalifa, Yaya ya hango ki ya yi dariya ya ce, "Kande, matar nan ko a Lahira aka tambaye ta sunana, Ɗan'azumi za ta ce." Yana faɗa yana jin daɗi, ya san darajar abin da kike yi masa. A wannan zaman kuma ya nuna min Minna tana barci a cinyarki, ya ce ita dai so yake ta yi karatun da bai samu ba.

Kunyar nan dominsa kika riƙe ta, kuma kin riƙe ta da kyau, mu danginsa mun shaida. To yarinyar ma tasa ce. Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, na ɗauke miki, in akwai laifi a kaina. Ki je ki ba 'yarsa sunansa.

In kin ƙi kuma, zan ranci kuɗin jirgi in zo in tsaya a kanki.

Ƙanwar mijinki,
Kande

*

Aziziyya, Makka
Shawwal, 1436

Zuwa ga Kande,

Wa'alaikis salam, da barka da Sallah. Ni nake faɗa, Minna take rubutawa.

Ajiye kuɗin jirginki, uwar tsokana. Na je, na faɗa. Da farko ƙasa-ƙasa na faɗa, matar ta ce ba ta ji ba, sai da na maimaita. An gyara shahada, kulliyya ta yi wa yarinya rajista, za su fara karatu kafin Hajji.

Daga ofis na ce Nuru ya sauke ni a Harami. Na yi ɗawafi, na yi masa addu'a da sunansa. Kande, ashe duk shekarun nan ban san haka yake da daɗi a baki ba. Na yi kuka, amma ba na baƙin ciki ba.

Na gode, Allah Ya bar zumunci. Zamzam da dabinonki suna hanya.

Minna ta tambaye ni me za ta rubuta a ƙasa. Na gaya mata.

Taki,
Safiyatu, matar Mahmudu