Yayana Ya Zubar Da Maganin Ƙashin Mamanmu A Kwata

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake, in na yanke hukunci ni kaɗai zan yi abin da ba shi da kyau.

Ni tela ce a Dutse Uku, mamanmu a wajena take tun rasuwar babanmu. Bara ta zame a bakin famfo, 'yar faɗuwa ce amma hannunta ya karye. Da aka yi gwaji likita ya ce ƙasusuwanta sun yi rauni, ya rubuta mata ƙwayar da ake sha sau ɗaya a sati, da safe kafin ta ci komai, kuma ba za ta kwanta ba sai bayan rabin awa. Ni nake ba ta, ni nake zama ina mata hira don kada ta kishingiɗa.

Wata huɗu muna sayen na kamfanin waje, sai ya ɓace a kasuwa, na zaga kemis-kemis har unguwar Laranto babu. Wata mai famasi ta nuna min wani, ta ce maganin ɗaya ne, ƙarfi ɗaya, kamfani ne kawai daban. Ban ba Mama ba sai da na kai wa likitan kwalin, ya duba ya ce, "Ki ba ta, shi ne dai."

Sai ga yayana, mai fataucin shanu, wanda bai taɓa raka ta asibiti ba ko sau ɗaya. Da ya ga kwalin ya canja ya hau ni da faɗa gaban kwastomomina, wai na sayo jabu saboda araha, wai uwar da ta haife mu zan kashe. Na ce mu je wajen likita ya ji da kunnensa, ya ce ba shi da lokaci. Ya ɓare ƙwayoyin ya watsa a kwata, ya ce zai sa a kawo orijina daga Legas. Yau sati biyar, babu magani, kuma ya bi gwaggonninmu da waya, kowa sai kira na yake in ji tsoron Allah.

Abin da ya fi ƙona min rai, na sake sayo wani, Mama ta ƙi sha. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki bari yayanki ya yarda tukuna, ba na so ku rabu a kaina." Ba a daka shi a abinci, kuma ko ana yi ba zan yaudare ta ba. Likita ya ce in ta sake faɗuwa ƙugu ne abin tsoro, ga damina, tsakar gidanmu santsi.

In kai ƙarar yayana wajen kawunmu ne, ko da zumuncin zai lalace? Ko in kai Mama wajen likita ya yi mata bayani ba da sanin yayan nawa ba? Jibi ne ranar shan maganinta, me zan yi?