Inna Ta Ɗauke Ni Ƙanwarta, Ni Kuma Ina Amsawa

Assalamu alaikum Hajiya Ni'ima. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai, kuma ba irin wanda ake kai wa maƙwabta ba ne. Ki sakaya sunana.

Ni malamar firamare ce a Jega, na doshi hamsin, har na fara aurar da 'ya'ya. Ni ce ɗiyar fari wurin mahaifiyata, kin kuwa san iyayenmu da kunyar ɗan fari, balle Inna da ke da jinin Fulani. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Waccan" take ce mini, da na yi aure na koma "ta Jega". Ana yaye ni aka kai ni Maiyama wurin kakata, can na girma. In na je gida Sabiyal na durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa a gajarce, ga ƙannena suna ta hawa jikinta. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini al'ada ce, amma abin ya ci mini rai, har na sa wa kaina cewa ba ta damu da ni ba.

Bara gigin tsufa ya kama ta, na ɗauko ta na dawo da ita wurina a Sabon Garin Jega. Da farko mun sha fama. Ba ta cin abinci a gabana, wanka kuwa ko kusa ba ta yarda in yi mata. Wata rana da hantsi na shiga da kunu, sai ta ɗago ta dube ni, ta washe baki ta ce, Tamu. Tamu ƙanwarta ce, ta daɗe da rasuwa, mutane kuma na cewa tun da na fara manyanta nake komawa kamanninta. Ban san lokacin da na ce na'am ba. Ranar ta shanye kunun tas, ta bari na yi mata wanka, na tsefe mata kai. Da furfurata da komai, ranar na fara taɓa gashin uwata.

Daga nan na zama Tamu, hira kuma ta buɗe. Hajiya, ashe duk shekarun nan ni take ɗauke da ni a ranta. Ta ba ni labarin lokacin da ƙyanda ta kama ni a Maiyama, ta ce wa Baba za ta kai gabu, busasshen ganyen albasa, kasuwa, ta je ta raɓe bayan dangar kakata tana sauraron tarina, ta juya ba ta shiga ba. Ranar da aka kai ni gidan miji ta shige madafi ta tasa kwandon albasa tana yanka, alhali an gama girki, don kada a tambaye ta abin da ya samu idonta. Rannan ta kama hannuna ta ce, "Tamu, cikin ɗiyana duka waccan ita ad da haƙuri." Na fita bayan ɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Sai kwaɗayi ya shige ni. Na fara janyo hirar da gangan, ina bugun cikinta. Makon jiya na ce wace ɗiya take nufi, ta faɗi sunanta mana, wai na manta. So nake in ji shi sau ɗaya a bakinta kafin ɗayanmu ya tafi. Ta dube ni kamar na zage ta, ta ja mayafi ta rufe fuska, har la'asar ba ta ci komai ba. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Ga kuma wanda ya fi ci mini rai. Kwanan nan ta fara tambayar ina ta Jega, me ya hana ta zuwa, ko fushi take yi. Tana zaune a gidana, hannuna a cikin nata, tana baƙin cikin na yar da ita. In na ce ni ce, zan rasa wankan da abincin da hirar. In na yi shiru, tana iya komawa ga Allah da zaton ban waiwaye ta ba.

Ƙanena Sa'idu ya zo daga Aliero ya ji tana ce mini Tamu ina amsawa, ransa ya ɓaci. Ya ce ƙarya nake shirga wa tsohuwa, ina sauraron abin da ta ɓoye mini da hankalinta, kuma in ban daina ba zai maida ita wurinsa. Na so in yi masa tsiya, shi da ya sha goyo har ya gaji, amma na danne zuciyata. Hajiya, cutar Inna nake yi?

Ɗiyar Fari, Jega

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri kan jinyar Inna. Abubuwa biyu kika haɗa kika ɗora wa kanki, ɗaya ne kawai laifi.

Amsa sunan Tamu ba cuta ba ce. Ba ke kika raɗa wa kanki ba, ita ta kira, kuma ta wannan sunan take ci, take wanka. Masu kula da irin wannan larura sukan ce kada a yi ta musu da mai ita, don gyaran ba ya zama, ɓacin ran ne ke zama. Ba sai kin ce ke ce Tamu ba, na'am ta isa. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki tambayi malamin da kika amince da shi. Ki kuma kai ta likita ya duba ta, kada a bar komai a kan tsufa.

Amma Sa'idu ma yana da gaskiyarsa. Abin da ta faɗa da kanta rabonki ne, ki riƙe. Wanda kike tonowa da dabara kuwa ba ta ba ki ba. Larura ta ɗauke mata abubuwa da yawa, kunyar nan tana cikin ɗan abin da ya rage mata, kada ki ƙwace. Ki daina neman sunan. Sa'idu kuma ki kira shi ya wuni a gidan, ya ga yadda ake ba ta abinci, sannan ku yi maganar inda za ta zauna, ba da faɗa ba.

Batun kewarki da take yi kuwa, Tamu da ta Jega duka suna iya zama a gida ɗaya. Da safe ki sa mayafin fita, ki yi sallama daga bakin ƙofa, ki durƙusa daga nesa yadda kika saba a Sabiyal, ki ce ta Jega ce ta zo gaisuwa. Ki ajiye mata ɗan goro ko turare, ki tashi, kada ki daɗe. An jima in kin shigo da kunu ta kira ki Tamu, ki nuna mata tsarabar, ki ce waccan ta zo, tana lafiya, ba ta fushi, kuma ta san ana son ta. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Za ta manta, gobe sai ki sake.

Ki shirya wa abu guda. Ranar da kika gaishe ta daga bakin ƙofa ta kau da kai ta amsa a gajarce, kada ranki ya sosu. Ta gane ki ke nan.

Allah ya ba Inna sauƙi, ya ji ƙan Tamu, ke kuma ya ba ki masu yi miki fiye da haka.

Hajiya Ni'ima